Ku Riƙa Tambaya: Wace Ce Uwarsa?

Duk lokacin da aka kira ni barga duba doki, bayan gaisuwa nakan tambayi mai shi asalin dokin. Ubansa kam sai a lissafa mini shi har da kakansa, da gidan da ya fito da hawan da ya yi. In na ce to uwarsa fa, sai a ce, "Wata goɗiya ce dai a ƙauye." Wannan amsa tana damuna, don mu da bakinmu muke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa nake so masu dawaki su san labarin wata goɗiya ta Turai mai suna Urban Sea.

An haife ta a 1989 a jihar Kentucky ta Amurka, daga jinsin dawakin tsere da ake rubuta asalinsu uwa da uba a littafi. Ingila ta fara buga irin wannan littafi tun 1791. An kai ta Faransa, inda Jean Lesbordes ya hore ta, masu ita kuwa iyalan David Tsui ne, ɗan kasuwa daga Hong Kong. A watan Oktoba na 1993 ta shiga gasar Arc de Triomphe a filin Longchamp da ke Paris, tseren mita 2,400 wanda ake ɗauka shi ne mafi daraja a Turai. Ba a sa mata rai ba. Amma ta tsaya da ingarmu, ta riga wani ingarma mai suna White Muzzle da tazarar wuya kawai, Eric Saint-Martin yana kanta.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba zan kawo muku shi ba. Abin da ta yi bayan an sauke mata sirdi ya fi gudunta nauyi. 'Ya'ya 11 ta haifa. A 1998 ta haifi Galileo, wanda ya ci gasar Derby ta Epsom a 2001, daga baya ya zama ingarman da 'ya'yansa suka fi na kowa cin kyauta a Birtaniya da Ayalan har sau 12. Shi ne uban Frankel, dokin da ya yi tsere 14 ba a taɓa riga shi ba. A 2006 ta haifi Sea The Stars, shi kuma a 2009 ya ci manyan gasa shida a jere, ciki har da Derby da ita Arc ɗin da uwarsa ta ci.

Ga inda nake so ku lura. Uban Galileo shi ne Sadler's Wells, uban Sea The Stars kuwa Cape Cross. 'Yarta My Typhoon, wadda ta ci babbar gasa a Amurka, ubanta Giant's Causeway ne. Ingarmu daban-daban, ciki ɗaya. Ɗa rabi yake ɗauka daga uwa rabi daga uba, sannan uwa ta ƙara da wata 11 na ciki, da nono, da halin da duƙushi ke koya yana bin ta. Mutum ya kashe kuɗi ya kai goɗiya ramammiya mai karkatattun ƙafafu wurin ingarma mai suna, yana jiran dokin hawan sallah, ai ya ɗora wa ingarman abin da ba zai iya shi kaɗai ba. Kafin baye a duba ƙafafunta, da faɗin ƙirjinta, da halinta, da yadda 'ya'yanta na baya suka tashi. A sami ɗan littafi a rubuta ranar baye, da sunan ingarma, da ranar haihuwa. Ba ya cin komai.

Ƙarshen Urban Sea ne ya fi shafar aikina. A watan Maris na 2009, tana da shekara 20, ta haifi ɗanta na ƙarshe, Born To Sea, a gidan kiwon dawaki na ƙasar Ayalan, jini ya ɓalle mata, ta mutu. Ba ta ga ko ɗaya daga nasarorin da Sea The Stars ya yi a shekarar ba. Goɗiyar da likitoci ke kewaye da ita ke nan, balle tamu da ke ɗaure a turke a bayan gida.

Wannan matsala ta fi samun tsofaffin goɗiyoyi da suka yi haihuwa da yawa. Jijiyar jinin da ke ciyar da mahaifa takan yi rauni da shekaru, sai ta fashe a lokacin naƙuda ko jim kaɗan bayanta. Sau da yawa jinin a ciki yake zuba, ba za ku ga ko ɗigo a ƙasa ba. Abin da za ku gani shi ne gumi ya karyo mata, jiki na rawa, tana waiwayen cikinta kamar mai ciwon ciki, numfashi ya yi sauri. Ku ɗaga leɓenta: in dasashi ya yi fari, to jini ne ke tafiya. Don Allah kada a ja ta ana zagayawa da ita kamar yadda aka saba yi wa doki mai ciwon ciki, kuma kada a yi mata ɗure. A bar ta wuri shiru, ɗanta a inda take ganinsa don kada hankalinta ya tashi, a kira likitan dabbobi nan take.

Ko haihuwa ta zo lafiya, a riƙa duba agogo. Da zarar faya ta fashe, ɗa yakan fito cikin minti 20 zuwa 30. In ya wuce haka ba ci gaba, a nemi taimako. Duƙushi ya miƙe cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. In ta maƙale kada a fizge ta da hannu, aikin likita ne. Nonon farko, dakashi, shi ne garkuwar duƙushi, kuma hanjinsa a sa'o'in farko kaɗai yake iya ɗaukar amfaninsa, don haka kada a tatse a zubar. A goge cibiya da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allurar rigakafin tetanus (ciwon da ke sanƙarar da jiki) kuwa a yi wa uwa ita saura sati 4 zuwa 6 ta haihu, kariyar za ta bi ta nono ta kai ga ɗan.

A watanni uku na ƙarshe ne ɗa ya fi girma a ciki. A lokacin a ƙara mata harawa mai kyau da dusa da ɗan hatsi, ruwa kada ya yanke, a daina ɗora mata kaya. Wadda kuma ta haura shekara 15, a kawo ta a duba ta kafin a sake kai ta baye.