Yawan Megafiksel Ba Shi Ne Kyan Hoto Ba

Masu shirin sayen kyamarar DSLR ta farko, wato babbar kyamara da ake iya sauya mata gilashi, sun daɗe suna ɗauka cewa wadda ta fi yawan megafiksel ita ce ta fi fitar da hoto mai kyau, alhali megafiksel yawan ɗigogin hoto kawai yake nunawa, kuma kimanin 9 sun isa a buga hoto tsaf a takardar A4. Girman sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da haske ke sauka a kai ya zama hoto, da ingancin gilashin kyamara su ne suka fi tasiri, domin su ke tattara haske. Shi ya sa kyamarar DSLR irin Nikon D3500 mai megafiksel 24 takan fi wayar salula mai 108 a wurin da haske ya yi ƙaranci. Gara mai koyo ya ware kuɗin gilashi mai nagarta.