Waiwaye: Yadda Turawa Suka Gunduma Ƙasa, Suka Kafa wa Alƙalai Iyaka

Kalmar gunduma ta mahauta ce tun kafin ta shiga bakin masu mulki. In mutum ya sa wuƙa ya yanko ƙatuwar tsoka, sai a ce ya gundumo. Ba a banza Kanawa suka laƙaba wa Razdan Cargill sunan Mai Gunduma ba. Sun ga aikin da ya yi wa ƙasar Kano bayan 1903, suka nemo masa sunan da ya dace.

Kafin zuwan Turawa, yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki. Garuruwan da ke ƙarƙashin hakimi ɗaya a warwatse suke, wani a gabas, wani can kudu, tsakaninsu kuma garuruwan wani basaraken ne. Jakadu ke kai da komowa, su karɓo kuɗin ƙasa da zakka da jangali, su ɗebi rabonsu, su kai saura fada. Abin da ya ɗaure talaka da ubangidansa biyayya ce, ba wani layi da aka shata a ƙasa ba. Bafulatani na iya tashi da shanunsa ya yi tafiyar kwana uku, amma jangalinsa na nan na mai gidansa na da.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin Yuli. A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato bai ɓoye komai ba. Ma'anar maganarsa ita ce, abin da Fulani suka samu da yaƙi yanzu sun rasa shi da yaƙi, don haka ikon naɗa sarki da sa haraji da mallakar ƙasa ya koma hannun Bature. Sai dai faɗa ba wuya, aikatawa ce aiki. Turawan 'yan ƙalilan ne, ƙasar ga faɗi, kuɗin gudanarwa kuma daga Ingila ake cikasa shi, ana ta ƙorafi. Mai son tara haraji dole ya san wa zai kama in kuɗi bai cika ba, kuma tsarin garuruwa barkatai bai ba shi wannan damar.

Nan aka fara yanka. Aka tattara ƙauyukan da ke maƙwabtaka aka ce gunduma ɗaya ce, aka ba hakimi, aka ce ya tattara iyalinsa ya koma can da zama. Aka kori jakadu. Hakimai da yawa sun ɗauki abin tamkar kora daga fada, don wanda ya yi nisa da kunnen Sarki ai ya yi nisa da komai. Talaka kuwa ya wayi gari dagacinsa na nan, amma uban ƙasa sabo ne, wanda wataƙila kakanninsa ba su taɓa jin sunan garin ba. A saman gunduma aka ɗora En'e, wato hukumar gargajiya ta Sarki, sannan yanki na Baturen mulki Di'o, sannan lardi na babbansa Razdan. Su ma lardunan ba su zauna wuri guda ba: Katsina ta yi zama ƙarƙashin Lardin Kano, a 1926 aka mayar da ita Zariya, sai a 1934 ta samu lardin kanta.

Yadda ake tsayar da iyakar ma abin kallo ne. Bature ya fito rangadi a kan doki, ga tafinta, ga dogarai, a tara dattawan ƙauyuka biyu a gindin bishiya. Wannan ya ce daga kukar can zuwa rafi namu ne, wancan ya ce ƙarya ne, kakansa ya sare dajin. Bature ya saurara gwargwadon abin da tafinta ya ga dama ya juya masa, ya rubuta a littafin gunduma, ya yi gaba kafin rana ta yi zafi. Kuka tana faɗuwa, rafi yana sauya hanya, amma abin da aka rubuta ya zauna. Fadamar da mutanen gari biyu ke nomawa tare, da burtalin da shanu ke bi, duk layin ya ratsa ta kansu.

Shari'a ta biyo sawun haraji. Tun 1900 aka yi dokar kotunan gargajiya, aka sake ta a 1906. Alƙali ya ci gaba da hukunci da fiƙihun Malikiyya, amma da takardar izini daga Razdan, wadda ta faɗi iyakar ƙasar da zai yi wa shari'a da irin ƙarar da zai iya ji. Daga baya aka kasa kotunan daraja huɗu, daga A zuwa D. Masu daraja ta farko ne kaɗai ke yanke hukuncin kisa, shi ma sai Gwamna ya sa hannu. Aka hana yanke hannu. Lauya ba ya shiga. Di'o kuma yana da ikon buɗe littafin alƙali a duk lokacin da ya so, ya rage hukunci ko ya ɗauke shari'ar ɗungurungum. Da aka kai alƙalai gundumomi an rage wa talaka tafiya, wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ƙi faɗinsa ba. Amma alƙalin gunduma maƙwabcin hakimi ne, baitulmali ɗaya ke biyansu albashi. Wanda hakimi ya ƙwace wa gona, ina zai dosa?

Gona kuwa dama ba kowane alƙali ke taɓa ta ba. A Kano majalisar Sarki ce ke jin manyan rigingimun ƙasa, domin ana ganinsu a matsayin sha'anin mulki. A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka zaunar da kwamiti a Landan don ya tantance wa ke da ƙasa a Arewa. Turawan mulki da 'yan kasuwarsu aka saurara. Manomin da ake magana a kan gonarsa bai je ba. Abin da suka tsayar shi ne wai mutanen nan ba su san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, alhali ana gadon gona, ana jingina, ana aro, a kewayen manyan birane har sayarwa ana yi. Dokar 1910 ta ce ƙasa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, mutum haƙƙin zama da noma kawai yake da shi. Dokar ta yi rana ta wani gefen, don ta toshe wa kamfanonin Turawa hanyar saye ƙasa su kafa manyan gandaye irin yadda aka yi a Kenya. Ta ɗaya gefen kuma ta mayar da mai gona ɗan riƙo a gonar ubansa.

Sai ga malaman taki. Malami ya zo da littafi, ya taka gona tsawo da faɗi yana ƙirga sawu, ya rubuta kuɗin da za a biya. Takun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma takun wanda aka yanka wa zakara yakan yi tsawo. Duk da haka rasit ɗin haraji ya zama wata irin shaida: mai biyan kuɗin gona shi ake ɗauka mai ita.

Inda yankan ya fi ciwo shi ne ƙasashen da mutanensu ba Musulmi ba ne, kamar kudancin Zariya da wasu sassan Bauchi. An sa ƙabilu da dama cikin gundumomin da hakimin masarauta ke riƙe da su, da alƙalin da ba su yarda da dokarsa ba. Ƙorafin da aka danne tun wancan lokaci yana cikin abubuwan da suka fashe a Tafawa Ɓalewa a 1991 da Zangon Kataf a 1992.

Sauran labarin gyare-gyare ne a kan tsohon gini. Gwamna Cameron ya rushe kotunan lardi, waɗanda Razdan da Di'o ke alƙalanci a cikinsu, a 1933, ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa kotunan Bature. Ta wannan ƙofar shari'ar Tsofo Gubba ta bi a 1947, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da aka yanke a Gwandu, abin da ya tayar da hankalin sarakuna da malamai. A 1960 aka kawo kundin laifuffuka da aka kwaikwayo daga Sudan. Tsakanin 1967 da 1968 soja suka karɓe kotuna daga hannun En'e, suka rufe kotunan sarakuna. Dokar filaye ta Arewa ta 1962 jikar ta 1910 ce, ita kuma ta haifi dokar 1978 wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki. Da aka tashi yanka ƙananan hukumomi a 1976, yawanci tsofaffin gundumomi aka harhaɗa. Ko a 2019 da aka fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye daga masarautar Kano, da 2024 da aka soke dokar, ƙasashen hakimai ne dai aka yi ta rabawa ana mayarwa, waɗanda yankan farkonsu na Mai Gunduma ne.