Ku Daina Wanke Latas a Ruwan Kwata

A makon nan kaɗai mutum uku suka nuna min ƙafafunsu a lambu. Duk abu ɗaya ne: ƙaiƙayi, fata ta tsattsage, ga gyambon da ya ƙi warkewa. Ban ma tambaye su da wane ruwa suke ban ruwa ba, don bakin injinsu na cikin kwatar da ta gangaro daga masana'antu, ina gani.

'Yan uwana manoman rani na bakin rafukan Jakara da Getsi da Salanta da Challawa a Kano, na san ba son ranku ba ne. Rani ya yi, rijiya ta ja baya, ruwan kwata kuwa ba ya yankewa. Ban ruwa da shi matsala ce da za mu yi ta fama da ita tare. Amma wanke kaya a cikinsa fa? Ka cire latas da karas, ka tsoma su a baƙin ruwan nan mai wari don su yi sheƙi, ka ɗaure sai kasuwa. Wannan kam ba talauci ba ne, sakaci ne. Latas ɗanye ake ci. Ku daina.

Wani dattijo ya ce min, "Malam, ruwan nan taki ne, dubi yadda alayyafo ya yi shar." Na ce, "Baba, ganye ba ya faɗin abin da ya sha." Majemun fata suna aiki da sinadarin kiromiyam, ga rini, ga ƙarafa irin su dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kiromiyam kada ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

A ɗakin gwaji da albasa ake tona asirin irin wannan ruwa, albasar nan taku, kuma tun 1938 masana ke amfani da ita. A ɗora ta a bakin kwalba gindinta na taɓa ruwa, a bar ta kwana uku ko huɗu. Ta ruwa mai tsabta sai ta fitar da saiwa dogaye farare. Ta gurɓataccen ruwa saiwarta gajeru, a karkace. In aka yanki bakin saiwar aka duba a na'urar hangen ƙananan halittu, sai a ga ƙwayoyin gado sun tsintsinke. Irin wannan lahani ne ake tsoron ya kai mutum ga ciwon daji bayan shekaru. Saboda haka ku daina ce min "shekara ashirin muna yi, ba abin da ya same mu."

Kun manta Zamfara? A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Ƙasar tsakar gidajen nan ba ta canza kala ba, sai da aka auna ta aka gane.

Abin da nake roƙo bai da yawa:

- Wankin kaya da ruwan rijiya ko na burtsatse kawai, ko da jarka biyu ce.
- Takalmin roba da safar hannu in za a shiga ruwa.
- Yara kada su yi wanka ko kamun kifi a kwata.
- Kada a yi alwala ko kurkure baki da shi.
- Gyambo ya wuce mako, a tafi asibiti, a faɗa musu aikin da ake yi.

In na zo ɗiban ruwa a kwalba don kaiwa gwaji, ku bar kashe inji kuna nuna min rijiyar maƙwabci. Ba tara na zo ci ba, kuma ba lambun kowa zan rufe ba. Ku nuna min ruwan da kuke aiki da shi na gaskiya. Kwandunan da kuka jera a bakin kwata kuma, in na dawo zagaye na gaba, a bakin rijiya nake so in same su.