Wa ke yanke farashin kwal?

Mutumin Jos ba baƙon ma'adinai ba ne. Kuza ce ta raine mu, kuma mun san halin mai haƙa da ya fito da buhunsa ya tarar da mai saye ɗaya tal a bakin rami. Irin wannan ce ke damun masu ƙananan ramukan kwal a Kogi da Binuwai da Gwambe: su ce an taya musu kaya a wulaƙance, kamfanin da ke ƙona kwal ɗin don samar da wutarsa ya ce kayan ne ba su da kyau.

To, me doka ta ce? Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mai haƙa izini yake karɓa daga ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja, kuma filin ƙaramin lasisi ba ya wuce murabba'in kilomita 3. Yana biyan gwamnati kasonta a kan abin da ya haƙo. Amma dokar ba ta ce ga kuɗin tan ɗaya ba. NERC ma, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, kuɗin wuta take tsarawa, ba kuɗin kwal ba. Farashi ciniki ne tsakanin mutum biyu.

A nan gizo ke saƙar. Kamfani zafin kwal yake saye, ba nauyinsa kawai ba, don haka yakan rage kuɗi idan danshi ko toka sun yi yawa. Wannan ba zalunci ba ne. Inda nake ganin cuta shi ne a ce sikelin na kamfani ne, ɗakin gwajin ma nasa ne, sannan sai tifa ta sauke kaya a faɗa wa mai haƙa sakamako. Wa zai sake loda tifa ya koma gida da ita?

Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 tana da abin cewa. Ta haramta wa kamfanoni haɗa baki su tsayar da farashi, na saye ne ko na sayarwa, ta kuma hana wanda ya mamaye kasuwa amfani da ƙarfinsa wajen danniya. Ana kai ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya da ke aiwatar da wannan doka. Sai dai arha kaɗai ba laifi ba ce, dole a nuna hujjar haɗin baki ko danniyar.

Shi ya sa takardar yarjejeniya ta fi komai. A rubuta wanda zai auna, inda za a sake gwaji idan an saɓa, nawa za a cire kan danshi, da ranar biya. Ƙungiyar gama kai mai rajista ta fi mutum ɗaya baki a wajen wannan ciniki. Wanda kuwa ke haƙa ba lasisi, ranar da ya kai ƙara, takardunsa za a fara tambaya.