Hasashen Masu Kallo a Kan Finafinan Katun na Yara

Hasashen masu kallo shi ne bayanin da masoyan wani fim suke ƙulla wa da kansu domin cike giɓin da labarin ya bari, ko domin haɗa finafinai biyu ko fiye waɗanda masu shirya su ba su taɓa cewa suna da dangantaka ba. Al'adar ta fi ƙarfi a kan finafinan katun na yara, musamman na kamfanonin Disney da Pixar a Amurka da Studio Ghibli a Japan, kuma yawancin masu yin ta manya ne waɗanda suka kalli finafinan tun suna ƙanana, suka sake komawa kansu bayan sun girma da idon bin ƙwaƙƙwafi.

Abubuwa biyu ne suka share mata hanya. Fim ɗin yara ba ya cika yin tsawo sosai, saboda haka dole a yanke duk abin da ba ya tura labari gaba, a bar tambayoyi a buɗe. Sannan zuwan kaset ɗin bidiyo da faifan DVD ya ba mai kallo damar tsayar da hoto ya ƙura masa ido, intanet kuma ta ba shi wurin da zai baje abin da ya gano.

Hasashen duniyar Pixar

Mafi shahara a cikin irin waɗannan hasashe shi ne wanda wani marubuci Ba'amurke mai suna Jon Negroni ya wallafa a watan Yuli na 2013, ya kuma faɗaɗa shi ya zama littafi a 2015. Da'awarsa ita ce finafinai 14 da Pixar ya fitar zuwa lokacin duk a duniya ɗaya suke faruwa, kuma ana iya jera su bisa tarihi guda. A lissafinsa labarin ya faro daga Brave (2012), inda tsafin wata tsohuwar mayya a ƙasar Sikotilan ta zamanin da ya ba dabbobi da kayayyaki ɗabi'un mutane. Daga nan dabbobi suka yi ta ƙara wayo, kamar yadda ake gani a Finding Nemo da Ratatouille, na'urori ma suka samu hankali, har wani katafaren kamfani mai suna Buy n Large ya mamaye komai, duniya ta cika da shara, mutane suka gudu sararin samaniya na shekara 700 kamar yadda WALL-E (2008) ya nuna. A cikin wannan tazara ce, in ji shi, motocin Cars suke rayuwa ba tare da ɗan Adam ko ɗaya ba. Dodannin Monsters, Inc. (2001) kuwa halittun can gaba ne, ƙofofin da suke shiga ɗakunan yara ta cikinsu kuma hanyoyi ne na komawa zamanin baya.

Inda hasashen ya fi jan hankali shi ne ƙullin ƙarshe. Negroni ya ce Boo, ƙaramar yarinyar da ta shaƙu da dodo Sulley a Monsters, Inc., ita ce ta girma tana neman abokinta ta ƙofofin zamani har ta tsufa ta zama mayyar nan ta Brave. Hujjarsa ita ce a bukkar mayyar akwai sassaƙen itace mai siffar Sulley, kuma matar tana ɓacewa ne ta bayan ƙofa.

Sassaƙen yana nan a fim ɗin, babu gardama. Sai dai yana cikin wata daɗaɗɗiyar al'adar ma'aikatan Pixar ta ɓoye alamomi don raha da junansu. Lambar A113, wadda take kan motar mahaifiyar Andy, yaron da ya mallaki kayan wasan da ke Toy Story (1995), kuma ta zama sunan umarnin sirri a WALL-E, lambar wani aji ce a makarantar koyon zane ta CalArts da ke Kalifoniya, inda John Lasseter da Brad Bird suka yi karatu. Motar kai abinci ta Pizza Planet tana leƙowa a kusan kowane fim na kamfanin, har a bukkar mayyar an sassaƙa ta da itace, ƙarnuka kafin a ƙirƙiri mota. Sunan Dinoco yana kan gidan mai a Toy Story, yana kuma kan motocin tsere a Cars, haka tambarin Buy n Large yana jikin batiran ɗan tsana Buzz Lightyear a Toy Story 3. Raunin hasashen shi ne ba ya karɓar ƙaryatawa: duk abin da ya saɓa wa jerin shekarun sai a ce tafiyar zamani ce ta kawo shi, kuma bayanin da yake haɗiye kowace hujja da aka kawo masa ya fi kama da wasan basira fiye da bincike. A farkon 2017 Disney ya fitar da ɗan gajeren bidiyo da ya jera waɗannan alamomi daga fim zuwa fim, jaridu da yawa suka ruwaito shi a matsayin tabbatarwa, alhali abin da ya nuna kawai shi ne da gangan aka sanya su.

Iyayen da ba a gani

Tambayar ina mahaifin Andy yake ta daɗe tana yawo, domin Toy Story bai ambace shi ba ko sau ɗaya. A 2017 wani labari ya bazu cewa ya rasu ne sakamakon cutar shan inna kuma shi ne ainihin mai Woody, ɗan tsanar da Andy ya fi so, aka jingina zancen ga Joe Ranft, ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, wanda ya rasu tun 2005. Andrew Stanton, wanda da shi aka rubuta labarin, ya fito ya ce ƙarya ce tsagwaronta. Bayanin da ya fi kusa da hankali na sana'a ne: a 1995 zana mutum da kwamfuta aiki ne mai wuya da tsada, labarin kuma ba ya buƙatar uba.

Akwai makamancin wannan game da yawan marayu a finafinan Disney. Wasu suna danganta shi da rasuwar Flora, mahaifiyar Walt Disney, wadda iskar gas ta na'urar ɗumama ɗaki ta kashe a 1938 a gidan da 'ya'yanta suka saya mata. Abin ya faru, amma Snow White ya riga ya fito a 1937, kuma mutuwar uwar ɗan barewa Bambi tana cikin littafin Felix Salten na 1923 wanda aka ɗauko fim ɗin 1942 daga gare shi. Maraici tsohon ginshiƙi ne na tatsuniya a al'ummomi da yawa, domin yaron da ba shi da mai tsare shi ne ake iya jefawa cikin daji.

Totoro da zancen mutuwa

A Japan hasashen ya ɗauki salo mai duhu. Fim ɗin Hayao Miyazaki na 1988, My Neighbor Totoro, labarin 'yan mata biyu ne, Satsuki da Mei, waɗanda suka koma ƙauye da mahaifinsu yayin da mahaifiyarsu take kwance a asibiti. Wata jita-jita ta ce Totoro, ƙatuwar halittar dajin da suka yi abota da ita, manzon mutuwa ne, Mei ta nutse a kududdufin da aka tsinci takalmin yarinya, yayarta kuma ta bi ta lahira, shi ya sa ba a ganin inuwarsu a ƙarshen fim. An ma haɗa shi da kisan wata ɗaliba da aka yi a garin Sayama na lardin Saitama a watan Mayu na 1963, ganin cewa Satsuki tsohon sunan watan Mayu ne a Japananci, Mei kuma yana kama da sunan watan a Turanci. A 2007 Studio Ghibli ya fitar da sanarwa ya musanta zancen baki ɗaya, ya ce masu zanen ne suka ga babu buƙatar inuwa a wuraren. Shi kansa fim ɗin ya amsa batun takalmin, domin Satsuki ta duba shi ta ce ba na ƙanwarta ba ne.

Inda masu shiri suka amsa

Ba kowane hasashe ne yake faɗuwa ba. Masu kallon Aladdin (1992) sun daɗe suna cewa ɗan kolin da ya buɗe labarin shi ne aljanin fitila, saboda Robin Williams ne ya yi muryar su biyun kuma kowannensu yatsu huɗu ne a hannunsa. A 2015 daraktocin, Ron Clements da John Musker, suka tabbatar cewa haka aka tsara tun farko, an dai cire fitowar da za ta bayyana asirin ne lokacin gyaran labari.

Batun Frozen (2013) ya fi rikitarwa. Chris Buck yana cikin daraktocin wannan fim da kuma na Tarzan (1999), kuma a 2015 ya ce a tunaninsa iyayen Anna da Elsa, 'yan'uwan da Frozen yake kansu, ba su mutu a teku ba, sun tsira zuwa wani daji, sun haifi ɗa namiji, damisa ta kashe su, gwaggon birai suka reni jaririn, wato Tarzan. Masoya suka riƙe maganar a matsayin hukunci, ko da yake ya gabatar da ita ne a matsayin abin da yake rayawa a ransa. Da Frozen II ya fito a 2019, wanda shi ma Buck ne ya ba da umarninsa tare da Jennifer Lee, sai aka nuna tarkacen jirgin ruwan iyayen a can arewa, inda igiyar ruwa ta cinye su a kan hanyarsu ta neman asalin baiwar Elsa, nesa ƙwarai da gaɓar Afirka inda labarin Tarzan yake.