'Yan ajin 1992 a wasan sinuka

'Yan ajin 1992 shi ne sunan da ake kiran 'yan wasan sinuka (wasan jefa ƙwallaye cikin ramukan tebur da sanda) uku na Birtaniya da suka shiga sahun ƙwararru a kaka ɗaya, wato kakar 1992/93: Ronnie O'Sullivan ɗan Ingila, John Higgins ɗan Sikotilan, da Mark Williams ɗan Wales. Dukansu haihuwar 1975 ne. Williams ne babba, an haife shi ranar 21 ga Maris, sai Higgins ranar 18 ga Mayu, O'Sullivan kuma ranar 5 ga Disamba. A tsakaninsu sun ɗauki kofin duniya sau 14: O'Sullivan 7, Higgins 4, Williams 3.

Buɗe ƙofa

Kafin 1991 shiga cikin ƙwararru sai wane da wane, yawansu bai wuce ɗari da 'yan kai ba. A shekarar ne hukumar wasan, WPBSA, ta buɗe ƙofa ga duk wanda zai iya biyan kuɗin rajista, sai ɗaruruwan matasa suka yi tururuwa. Don a tace su, aka shirya dogayen wasannin share fage a otal ɗin Norbreck Castle da ke Blackpool, a bakin teku. Tebura ne jere a babban zaure, an kange tsakaninsu, 'yan kallo kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sabon shiga daga zagayen farko yake farawa, ya yi ta buga wasa makonni, yawanci wanda ya riga cin turmi 5 shi ke wucewa (turmi ɗaya shi ne daga jera ƙwallaye a tebur har a sami wanda ya fi maki), kafin ya ga ko da ƙeyar manyan 'yan wasa.

A lokacin sau ɗaya ake sabunta jadawalin duniya a shekara, bayan an kammala kaka, kuma da makin kaka biyu ake lissafi. 'Yan 16 na sama ba sa buga share fage. Saboda haka komai iyawar yaro, sai ya shekara yana hawa daga ƙasa. Wanda ke riƙe da wasan a zamanin shi ne Stephen Hendry, wanda ya ci kofin duniya sau 5 a jere daga 1992 zuwa 1996.

Ronnie O'Sullivan

An haife shi a Wordsley, ya tashi a Chigwell da ke yankin Essex. Yana ɗan shekara 10 ya fara haɗa maki sama da 100 a hawa ɗaya, yana 15 kuma ya yi 147 a gasa, wato ya jefa jajayen ƙwallaye 15 kowace da baƙa a bayanta, sannan ya share sauran launuka shida ba tare da kuskure ba. A 1991 ya ci gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 21 a Indiya.

Abin da ya yi a Blackpool a 1992 har yau ana ambatonsa. Cikin wasanni 76 na farko ya ci 74, daga ciki 38 a jere. Akwai wasan da ya gama da ci 5 da nema cikin kimanin minti 43. Wannan saurin ne ya jawo masa laƙabin Roka. A shekarar ce kuma aka yanke wa mahaifinsa ɗaurin rai da rai bisa laifin kisa. Ya samu gurbi a gasar duniya ta 1993 a zauren Crucible da ke Sheffield, inda Alan McManus ya fitar da shi a zagayen farko da ci 10 da 7. Ya gama kakar farko yana na 57 a duniya.

A Nuwamban 1993 ya je Preston gasar UK Championship, ya kawar da Steve Davis a hanya, ya doke Hendry 10 da 6 a wasan ƙarshe. Shekarunsa 17 da kwana 358, saura mako ɗaya ya cika 18, kuma har yanzu ba a sami wanda ya ci gasar da ake lissafa makinta a jadawali yana ƙasa da haka ba. Kafin kakar ta ƙare ya ƙara da British Open, inda ya doke James Wattana ɗan Tailan 9 da 4, ya yi tsalle zuwa na 9. A 1995 ya ɗauki kofin Masters yana ɗan shekara 19, ya doke Higgins 9 da 3.

Daga nan al'amura suka fara tangal-tangal. A gasar duniya ta 1996 ya yi cacar baki da Alain Robidoux ɗan Kanada, wanda ya ɗauki bugun da ya yi da hannun hagu a matsayin raini. A gasar dai ya kai wa wani jami'i hannu, aka ci shi tarar fam 20,000 tare da dakatarwar shekara 2 da aka jingine. An ƙwace kofin Irish Masters na 1998 daga hannunsa bayan gwaji ya nuna tabar wiwi a jikinsa. A tsakiyar wannan hargitsi ne, a gasar duniya ta 1997, ya yi 147 a karawarsa da Mick Price. An daɗe ana rubuta minti 5 da daƙiƙa 20, daga baya aka sake auna hoton bidiyon aka mayar da shi minti 5 da daƙiƙa 8. Ƙwallaye 36 ke nan, yana zagaya tebur kamar ana korarsa, alƙalin wasa na hanzarin mayar da baƙar ƙwallo gurbinta. Wannan hawa ɗaya ya kawo masa fam 165,000.

John Higgins

Ɗan garin Wishaw ne. Kakarsa ta farko ta wuce shiru, ya ƙare na 122, ta biyu kuma na 51. Hankalin jaridu duk yana kan O'Sullivan.

Kakar 1994/95 ce ta fito da shi, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba idan ana tarihin waɗannan mutum uku. A Oktoban 1994 ya ci Grand Prix, ya doke Dave Harold 9 da 6. Ya kai wasan ƙarshe na Welsh Open, Davis ya doke shi 9 da 3, amma ba a jima ba ya rama a International Open da ci 9 da 5. Sai British Open, inda ya ɗauki fansar Masters a kan O'Sullivan, 9 da 6. Shi ne ɗan ƙasa da shekara 20 na farko da ya ci gasanni uku da ake lissafa makinsu a jadawali a kaka ɗaya. Abin mamaki, zuwansa Crucible na farko a ƙarshen kakar bai yi armashi ba: McManus ɗin nan dai ya lallasa shi 10 da 3. Ya hau na 11, shekara mai zuwa na 2.

Wasansa ba na burge 'yan kallo ba ne irin na O'Sullivan. Ya ƙware wajen ajiye farar ƙwallo inda abokin karawa ba zai sami mafita ba, kuma in ya sami dama ɗaya yakan gama turmin. Wannan haƙuri ne ya sa ya riga sauran biyun kaiwa ƙololuwa.

Mark Williams

An haife shi a Cwm kusa da Ebbw Vale, yankin masu haƙar kwal, mahaifinsa ma mahaƙi ne. Bahago ne, ya kuma taɓa dambe yana yaro. Shi ne ya fi jinkirin tashi: na 119 bayan kakar farko, sai na 58, sai na 39. Kofinsa na farko mai maki ya zo ne a gida, Welsh Open ta 1996, inda ya doke John Parrott 9 da 3. Grand Prix ta biyo baya a shekarar, sannan British Open ta 1997, wadda ya yi wa Hendry 9 da 2. Sai a 1997 ya fara taka Crucible, shekara 4 bayan O'Sullivan.

Wasan ƙarshe na Masters na 1998 a Wembley shi ya tabbatar da shi. Hendry na gaba 9 da 6, saura turmi ɗaya ya ɗauki kofi. Williams ya ci uku a jere. Turmi na 19 ya tashi kunnen doki, aka mayar da baƙar ƙwallo kan tebur ita kaɗai, wanda ya jefa ta ya ci. Bayan 'yan bugu na ɓoye ƙwallo, Hendry ya samu dama a ramin tsakiya ya kuskure, Williams ya jefa ta.

Kofin duniya, 1998 zuwa 2001

A 1998 dukansu uku sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Higgins ya fitar da O'Sullivan 17 da 9, ya doke Ken Doherty 18 da 12, ya haɗa maki sama da 100 har sau 14 a gasar, ya kuma karɓe matsayi na ɗaya daga Hendry. A 1999 ma ukun sun sake kaiwa wannan mataki, amma Hendry ya doke Williams 18 da 11 a ƙarshe. Williams ya dawo a 2000, ana cinsa 13 da 7 ya farke ya doke Matthew Stevens 18 da 16, ya zama bahago na farko da ya ci kofin. O'Sullivan, wanda kowa ya zaci shi zai fara, shi ne ya zo ƙarshe: 2001, a kan Higgins, 18 da 14.

Sauran 'yan ajin

Stephen Lee ma a 1992 ya fara, ya kuma ci kofuna. An dakatar da shi shekara 12 a 2013 kan sayar da wasa.

Bayan haka

Tun 2011 akasarin sababbin shiga ta gasar Q School ko gasannin matasa suke bi, a ba su katin shekara 2, wanda bai shiga cikin 64 na sama ba yana iya rasa gurbinsa. Ukun sun sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya a 2022, Williams kuma ya kai wasan ƙarshe a 2025 yana da shekara 50, inda Zhao Xintong ɗan Sin ya doke shi 18 da 12.