Waiwaye: Yadda tsohuwar kasuwar hatsi ta Paris ta koma gidan fasaha

A tsakiyar birnin Paris, a unguwar da ake kira Les Halles, akwai wani gini mai siffar zobe da ƙatuwar ƙubba ta ƙarfe da gilashi a kansa. Sunansa Bourse de Commerce. Ranar 22 ga Mayun 2021 aka buɗe shi a matsayin gidan baje kolin zane-zane da sassaƙe na zamani da hamshaƙin attajirin nan François Pinault ya tara. Kafin nan, fiye da shekara ɗari biyu, ba a san wurin da komai ba sai ciniki: da farko buhunan alkama da gari, daga baya takardun dillalai.

Abin da ya fi tsufa a wurin wani dogon ginshiƙi ne mai tsawon mita 31 da ke manne da jikin ginin daga waje. Tun a shekarun 1570 aka gina shi a fadar Sarauniya Catherine de Médicis, kuma ana cewa masu duba mata taurari ne ke hawa kansa. Da aka rushe fadar a 1748 don biyan bashi, wani marubuci mai suna Louis Petit de Bachaumont ya sayi ginshiƙin shi kaɗai don kada a haɗa da shi, daga baya ya koma hannun hukumar birni. Filin da fadar ta bari shi aka ware wa kasuwar hatsi.

A Paris ta wancan zamani farashin burodi shi ne siyasa. In ya tashi, gari ya hargitse, kamar yadda aka gani a boren tsadar garin alkama na 1775. Shi ya sa hukuma ta so a tattara cinikin alkama wuri guda inda ido zai kai. Mai tsara gine-gine Nicolas Le Camus de Mézières ya gina kasuwar daga 1763 zuwa 1767: zagayayyen gini mai ƙofofi 25, fili a buɗe a tsakiya, rumbuna a sama. Wanda ya taɓa shiga Dawanau lokacin kaka zai gane matsalar da ya yi ƙoƙarin magancewa, wato cunkoson 'yan dako. Sai ya yi matakala mai hanya biyu da ke nannaɗe da juna, ta yadda mai hawa da buhu a kafaɗa ba zai yi karo da mai saukowa ba. Ɗaya daga cikin matakalan tana nan har yau, ana hawanta.

Filin tsakiya bai daɗe a buɗe ba, domin ruwan sama na ɓata hatsi. A 1782 zuwa 1783 masu tsara gine-gine Legrand da Molinos suka rufe shi da ƙubbar katako, wadda aka harhaɗa da ƙananan alluna maimakon manyan gungume. Thomas Jefferson, lokacin yana jakadan Amurka a Faransa, ya je ya gani ya yaba ƙwarai. Gobara ta cinye ƙubbar a 1802. Da aka tashi mayarwa sai François-Joseph Bélanger ya ce a yi ta da zubin ƙarfe, aka lulluɓe ta da jan ƙarfe, aikin da ya kammala a farkon shekarun 1810. Tana cikin ƙubbobin ƙarfe na farko masu wannan faɗi a duniya. A 1838 aka sa mata gilashi.

Jirgin ƙasa da sauyin hanyoyin fatauci suka rage wa kasuwar amfani, har aka rufe ta a 1873. A 1885 aka miƙa ta ga ƙungiyar 'yan kasuwa ta Paris, Henri Blondel ya sake mata fasali a 1888 zuwa 1889, shekarar da aka buɗe hasumiyar Eiffel. Blondel ya rushe yawancin tsohon ginin waje ya sake shi da dutse, amma ya bar ƙashin ƙubbar da bangon ciki. Daga nan buhu ya daina shiga. Dillalai ne ke taruwa suna sayar da alkama, gari, mai, sukari, daga baya koko da kofi, a kan farashin da za a biya watanni masu zuwa, hajar kuwa tana can nesa ba wanda ya gan ta. A 1974 kasuwar sukari ta wurin ta durƙushe bayan farashi ya yi tashin gwauron zabo ya faɗo. A 1998 kwamfuta ta ƙarasa kashe cinikin baki da baki, ginin ya zama ofisoshi.

Blondel ya bar wani abu da har yau ake muhawara a kai. Ƙasan ƙubbar ya sa an zagaye shi da zane mai faɗin murabba'in mita 1,400, aikin masu zane biyar, ciki har da Alexis-Joseph Mazerolle da Georges Clairin. Zanen na nuna cinikin Faransa da sassan duniya. An yi shi shekara huɗu bayan taron Berlin da Turawa suka shata yadda za su raba Afirka, kuma hakan a bayyane yake a jikinsa: Bature a tsaye cikin shiga ta alfarma, baƙar fata da sauran mutanen da aka mamaye kusan tsirara, suna ɗauke da kaya ko suna miƙa haja. Ɗan Nijar ko ɗan Chadi da ya ɗaga kai ya kalla zai ga yadda Paris ke ɗaukar nahiyarsa 'yan shekaru kafin sojojinta su iso ƙasarsa.

Saura kaɗan ginin ya bi sahun maƙwabtansa. A 1969 aka kwashe babbar kasuwar abinci ta Les Halles zuwa Rungis a bayan gari, daga 1971 aka fara rushe rumfunan ƙarfe da Victor Baltard ya gina, duk da koke-koken jama'a. Bourse de Commerce ta tsira ne saboda a lokacin tana da masu ita, kuma suna cin moriyarta. Dokar kare kayan tarihi ta biyo baya ne, a 1975, sannan a 1986 aka ɗaga darajar ƙubbar da zanenta.

Cinikin ƙarshe ya fi ban mamaki. A 1949 hukumar birni ta sallama wa ƙungiyar 'yan kasuwa mallakar ginin a kan faran ɗaya tak. Da magajiyar gari Anne Hidalgo ta sanar da yarjejeniya da Pinault a 2016, sai da birnin ya biya yuro miliyan 86 ya dawo da kayansa, sannan ya ba attajirin haya ta shekara 50. Shi kuma ya ɗauki nauyin gyara, wanda ya ci kusan yuro miliyan 160. Dama ya daɗe yana neman wuri a Paris. A 2005 ya fasa shirin gina gidan fasaha a tsibirin Seguin da ke gefen Paris saboda jan ƙafar hukuma, ya kwashi kayansa zuwa Venice ta Italiya, inda ya gyara tsohon gidan kwastan na Punta della Dogana.

Wanda ya yi masa aikin Venice, mai tsara gine-gine Tadao Ando ɗan Japan, shi ya sake kirawo wa. Ando ya dasa wani zagayayyen bangon kankare mai faɗin mita 29 da tsawon mita 9 a tsakiyar zauren, ba tare da ya jingina da tsohon bango ba. Tsakanin biyun akwai lungu mai kewayawa, inda akwatunan gilashi 24 na 1889 da 'yan kasuwa ke nuna samfur suke nan a jere, yanzu ayyukan fasaha ake sa wa a ciki. Wani mai tsara gine-gine, Pierre-Antoine Gatier, ya kula da ɓangaren tarihi. A baje kolin farko, Urs Fischer ya kafa ƙaton mutum-mutumi na kakin kyandir a tsakiyar zauren, aka kunna masa wuta yana narkewa a hankali tsawon watanni.

A ganina sun yi daidai da ba su shafe zanen ƙubbar ba. An wanke shi an gyara, kuma hanyar da ke saman bangon Ando ta kai mai kallo kusa da shi fiye da yadda wani dillali ya taɓa kaiwa, ya ga fuskoki da sarai. A baje kolin farkon an ba David Hammons, baƙar fata ɗan Amurka, babban ɗaki, da wasu masu zane 'yan asalin Afirka. Masu suka na cewa wannan bai sauya cewa mutum ɗaya ne, wanda ya mallaki kamfanin kayan ƙawa na Gucci da gidan gwanjon Christie's, ke zaɓen abin da za a gani a ginin jama'a ba. Mallakar ginin dai tana hannun birnin Paris, kuma zai koma gare shi da duk gyaran da aka yi idan wa'adin hayar ya cika.